Azumin da Na Rubuta a Takarda

A shekarar da na kammala jami'a na sami gurbin koyon aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje na sashen likitanci, inda ake binciken cututtukan jijiyoyin jini. Ni ba likita ba ce. Kimiyyar sinadaran jiki na karanta, kuma aikina a lokacin bai wuce rubuta lamba a jikin kwalba, da cike fom, da wanke abin da aka ce in wanke ba. Na faɗi wannan tun farko ne saboda a garinmu, wanda ke tsakanin Kura da Bunkure, ba wanda ya taɓa yarda da shi. Tun ranar da aka gan ni da farar riga a kan hijabi na zama Likita, na yi gyara har na gaji.

Shugabar ɗakin farfesa ce, mace mai ƙarancin magana, wadda idan ta yi shiru kowa yake duba aikinsa. Abin da take bincike wani kumburi ne da ido ba ya gani. Ba irin na ƙurji ko na targaɗe ba ne. A cikin bangon jijiya yake faruwa, a hankali, shekara da shekaru. Kitse yana maƙalewa a wurin, hanya tana ƙuntata, har ranar da jini zai zo wucewa zuwa ƙwaƙwalwa ko zuciya ya tarar an toshe. Akwai alamar wannan kumburi da ake iya aunawa a cikin ruwan jini tun mutum yana tafiya da ƙafarsa. Ita muke nema, tare da yawan kitse da na sukari.

Ban koyi tsoron wannan ciwo a aji ba. Ina aji uku a sakandare wan mahaifina ya faɗi a gonar shinkafa yana tsakiyar ba da ruwa. Da safe ya ci ɗumame da mu, ya yi wa matarsa faɗa a kan wani bokiti da ya ɓata, kafin azahar aka shigo da shi a kan tabarma, bakinsa ya karkace, hannunsa na hagu yana lilo kamar ba nasa ba. Shekara biyu ya yi a kwance. Abin da ban manta ba shi ne idonsa, domin hankalinsa bai tafi ko'ina ba. Yana jin duk abin da ake faɗa a kansa, yana neman kalma, kalmar ba ta zuwa. Shi da mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya ne, tafiyarsu ɗaya, tarinsu ɗaya. Tun daga lokacin, duk sanda mahaifina ya yi tuntuɓe ko ya maimaita magana, sai in zuba masa ido.

Da aka yanke shawarar faɗaɗa binciken zuwa manoman rani, Farfesa ta ji cewa ni 'yar yankin ce, ta miƙo mini takardar bayani ta Turanci ta ce in mayar da ita Hausa. Mako biyu na yi a kan shafi ɗaya da rabi. Ina tsoron kuskure fiye da yadda ya kamata, wannan hali ne da na san ina da shi, kuma a lokacin ina ganin kamar ado ne. Na lura cewa jijiya a bakin mutanenmu tana nufin ta jini, tana nufin ta agara, wani ma har saiwar bishiya yakan kira da ita, saboda haka ko'ina na rubuta jijiyar jini a cike. Na ƙara layi biyu a ƙarƙashin kumburi don kada wani ya duba ƙafarsa ya ce shi ba shi da shi. Na bayyana cewa jinin da za a ɗiba bai kai cokali biyu ba, kuma ba za a sayar ba, ba za a ƙara wa wani ba.

Sai layin ƙarshe. A Turancin kalma guda ce, wadda duk ma'aikacin asibiti ya san nufinta: mutum ya kwana bai ci komai ba tun bayan abincin dare, ruwa kaɗai zai sha, har a ɗebi jininsa da safe. Dalilin shi ne abinci yana cika jini da kitse da sukari na 'yan sa'o'i, ya ɓata awo. Da farko na rubuta, kada a karya kafin a zo. Na dube shi na ga kamar maganar tsakar gida ce, ba ta dace da takardar jami'a ba. Na kuma ji tsoron cewa a rubuce karya tana da fuska uku: ta kumallo, ta dabba, da ta kishiyar gaskiya idan ƙugiyarta ta faɗi wajen bugawa. Na buɗe ƙamus, ya ba ni azumi. Na ga kalma ce mai tsabta, mai mutunci, wadda ba yaro ba babba kowa ya san ta. Na rubuta: A zo da azumi ranar Litinin, ƙarfe takwas na safe. Na karanta sau uku, na gamsu.

A Kano nake kwana a lokacin, gidan gwaggota, saboda haka aikawa na yi da takardun. Mahaifina ne ya karanta wa jama'a a ƙofar masallaci bayan la'asar, shi ne kuma ya fara sa hannu, don sauran su sami ƙwarin guiwa. Ban gaya wa Farfesa wannan ba. Dokar binciken ita ce duk wanda yake aiki da kwalabe ba zai san mai jinin ba. Sunaye suna hannun ma'aikaciyar jinya, mu lamba kawai muke gani. Na ce wa kaina ba ni zan manna lambobin ba, don haka babu abin faɗa.

Ranar Litinin muka taso tun sassafe da kula cike da ƙanƙara. Tsakiyar bazara ce, ƙarshen tumatir; tun daga Kadawa kwanduna ne jere a bakin titi, waɗanda ba su sami mota ba an yanka an shanya, ƙasa ta yi ja. A ƙaramin asibitin garinmu muka tarar da mutanen a kan benci, kowa da wankakkiyar riga, wasu da carbi. Wadda ya kamata ta manna lambobi ba ta zo ba, ɗanta ba lafiya, sai aka ce in zauna a kujerarta.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, manomin albasa ne wanda bakinsa ba ya hutawa. Shi ya fara tasowa.

"Likita, a hankali dai. Jinin nan da ƙyar na tara shi, duk na albasa ne."

"Kawu, ba ni ke ɗiba ba, lamba kawai nake rubutawa."

"To rubuta mini ta ɗaya, kada babanki ya riga ni. Ya riga ni ruwan kanal jiya, ya isa haka."

Aka yi dariya. Na ɗauki fom na yi masa tambayar da na yi wa kowa a ranar.

"Kana da azumi?"

"Ina da shi. Allah dai ya karɓa."

Na ɗauka barkwancinsa ne, na yi alama a akwatin da ke cewa e. Haka na yi wa kowa. Kowa ya ce yana da shi, wasu suka ƙara da alhamdu lillahi.

Mahaifina ya zo a tsakiyar layi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ya naɗe hannun riga, ya kawar da kai daga allurar, yana duban bango kamar ana karanta masa wani abu a jiki.

"Uwata, an gama?"

"Ba a fara ba, Baba."

"To ku yi mana, ruwa na jira na."

Na manna lamba a kwalbarsa. Goma sha bakwai. Na yi ƙoƙarin kada in riƙe ta a kaina, amma hannuna ne ya rubuta.

Mun tanadi biskit da lemo ga duk wanda aka ɗebi jininsa. Ba wanda ya buɗe. Kowa ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya zura a aljihu. Ma'aikaciyar jinyar ta tambaye ni dalili, na ce mata da cikakken tabbaci cewa dattawanmu ba sa cin abu a gaban jama'a, kuma yara za su kai wa.

Kafin la'asar muna ɗakin gwaji. Akwai na'urar da ake jera kwalabe a cikinta ta juya su da ƙarfi na minti goma, jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwan jinin ya taso sama. Ruwan jinin mai lafiya garau yake, rawaya-rawaya kamar man gyaɗa sabon tacewa, ana iya hango rubutu ta cikinsa. Na buɗe murfin na fara ɗagowa. Ta farko ta yi dishi-dishi. Ta biyu garau. Ta uku da ta huɗu kamar ruwan wankin shinkafa. Na ci gaba da jerawa har na kai ta goma sha bakwai. Fara ce. Ba dishi-dishi ba, fara sol kamar an zuba madara a kan jinin.

Babban ma'aikacin ɗakin ya leƙo, ya ce kai, ya tafi ya kira Farfesa. Ta zo ta ɗaga kwalbar wajen taga, ta juya ta.

"Shekarunsa nawa?"

Na yi kamar ina dubawa a fom. "Hamsin da biyar, ranki ya daɗe."

Ta tambaye ni ko an cika sharaɗin layin ƙarshe. Da Turanci muke magana, don haka kalmar nan guda ɗaya ce ta bar bakinta, ita ce kuma na mayar mata. Na ce ni da kaina na tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa, ga alamar a fom. Ta san ni da bin diddigi, ba ta sake tambaya ba. Ta ce idan haka jinin mutum yake alhali cikinsa ba komai, to ba mutumin da za a bari yana yawo ba ne. Da sakamako ya fito ranar Laraba, kitsen ya wuce iyakar da na'urar take iya karantawa sai da aka tsarma, alamar kumburin ita ma ta yi sama. Farfesa ta sa aka rubuta wasiƙu na kiran mutanen asibiti a mako mai zuwa, ta ce a sa ta goma sha bakwai a kan gaba.

Ina tsaye a wurin, ban ce mahaifina ne ba. Na ji tsoron a ce na karya doka, na kuma ji tsoron idan na furta da bakina abin ya tabbata.

Ranar Juma'a da yamma na hau motar Kura. Ba ni da hurumin gaya masa komai, sakamako ta hannun likita yake bi, kuma ko da ina da hurumin ban san da wace kalma zan fara ba. Abin da na iya shi ne kallo. Na kalli yadda yake riƙe buta, ko yatsunsa duka suna kamawa. Na kalli gefen bakinsa sanda yake amsa gaisuwata. Zai ce in miƙo masa rediyo, ya ce agogo, sannan ya gyara. Na shiga madafa na ɗauke kwalbar man shanu na tura bayan buhun gero. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta neme ta ta rasa, ta ce ɓerayen gidan nan sun fara ɗaukar kaya da kwalba.

Da safe ya ɗora injin ban ruwa a bayan babur, na ce zan bi shi gona.

"Ke da kika ce rana tana sa miki ciwon kai?"

"Iska nake so in sha, Baba."

"A watan nan? To zo ki sha."

Na zauna a bakin ƙaramin kanal ina kallonsa. Ya sunkuya ya ɗaga injin shi kaɗai, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, na rufe ido. Ya shiga taɓo har ƙauri yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya daga fangali zuwa fangali. Duk sanda ya tsaya ya dafa ƙugu, sai in miƙe tsaye. Na auna da ido nisan da ke tsakaninmu da titi, na lissafa mutum nawa za su iya ɗaukarsa, na tuna cewa ban iya tuƙa babur ba. A gonar da ke bayan wannan ce wansa ya faɗi.

Wajen hantsi Kawu ya tsallako daga gonarsa, yana fifita da hula.

"A'a, Likita da kanta a gona. An zo karɓar ragowar jinin ne?"

Na gaishe shi. Ya zauna a kan kunya ya miƙe ƙafa.

"Ni tambaya ce da ni. Azumin nan da kika sa mu, ladan na waye? Namu ne da muka sha rana, ko na jami'a?"

"Wane lada, Kawu?"

"Au, babu ma? Mutum ya tashi sahur, ya ba da jininsa, ya dawo ya cire albasa har la'asar, maƙogwaro kamar ƙasan tanda, ki ce wane lada? Wallahi da aka kira magariba da lemonki na buɗa baki, da zafinsa."

Na ce, "Sahur?"

"To da me? Da muka ga kin sa Litinin muka ce yarinyar nan ta san abin da take yi, ta haɗa mana da nafila. Har wajen liman muka je a kan allurar, ya ce ɗan wannan ba ya karyawa. Babanki ne ma ya yi tambayar." Ya ɗaga murya. "Ko ba kai ba ne?"

Mahaifina ya amsa daga cikin ruwa ba tare da ya ɗago ba. "Ni ne. Abu in za a yi, a yi shi daidai."

Ban san sanda na bar gonar ba. A ƙafa na koma gida, na tarar da Inna tana tankaɗe.

"Inna, ranar Litinin me Baba ya ci da sahur?"

"Yau kuma binciken tukunya aka koma?"

"Don Allah ki tuna mini, duka."

Ta ajiye rariya ta fara lissafi da yatsu. Ɗumamen tuwon shinkafa da miyar kuka, ta malala masa man shanu har yana kwanciya a kai. Ƙwai uku soyayye. Fura da kindirmo, kwano guda. Shayi da madara. Ya gama ana shirin kiran asalatu.

"Mutum zai wuni a rana ba ci ba sha, kuma a zuƙe masa jini, in bar shi ya fita da ruwan kunu? Har na aika wa kawunki da sauran man, don matarsa ba ta da hannu."

Na lissafa. Daga wannan kwano zuwa allurar, sa'a huɗu ba kaɗan, daidai lokacin da kitsen abinci yake cika jini ya kai maƙura. Da na zauna na tsara yadda za a ɓata gwajin da gangan, ba zan iya fin haka ba. Na zauna a kan turmi, dariya ta zo mini, sai ga hawaye. Inna ta tsaya tana kallona.

"Ke lafiya? Wani abu aka gani a jinin?"

Na ce ban sani ba. Wannan ce gaskiyar, kuma ta fi wadda na zo da ita nauyi ta wani ɓangaren. Kwana biyar na yi ina da tabbacin mugun abu. Yanzu tabbacin ya tafi, ya bar ni da fata, kuma na ji tsoron fatan, domin na san ina so ya zama gaskiya fiye da yadda hujja ta ba ni dama.

Ranar Litinin na ƙwanƙwasa ofishin Farfesa da takardar Hausar a hannuna. Na nuna mata layin, na yi bayani tun daga ƙamus har kwanon fura. Ta cire tabarau ta karanta da kanta. Bahaushiya ce, ba ta buƙaci in ƙarasa ba.

"Litinin kuma," ta ce. Ta rufe ido na ɗan lokaci. "Ni na zaɓi ranar. Ni kuma ya kamata in karanta wannan kafin ta fita, ban karanta ba. Amma ke, me kakarki za ta ce idan tana so mutum ya zo haka?"

"Za ta ce kada ya karya, ranki ya daɗe."

"To me ya hana ki?"

Ta mayar da tabarau. Ta ce duk kwalaben ranar sun tashi a banza, har da alamar kumburin, domin da haske na'urar take awo, ruwa mai duhu kuwa ruɗa ta yake yi. Za a janye wasiƙun, a koma a ba mutane haƙuri, a sake ɗiba. Na juya zan fita. Sai ta ƙara magana.

"Sauran na yarda abinci ne. Ta goma sha bakwai ban yarda duka ba. Tare suka yi sahur, me ya sa tasa kaɗai ta yi fari haka? Jiki mai lafiya yana kwashe kitse da sauri. Wannan bai kwashe ba."

Na ce, "Mahaifina ne."

Ta ajiye takardar.

"Tun yaushe kika sani?"

"Ni na manna lambar."

"Kika yi mako guda da wannan a cikinki ke kaɗai." Ba tambaya ba ce. "Daga yau ba ki taɓa kwalbarsa, ba ki ganin takardarsa. Ba hukunci ba ne, ko da yake kin cancanci hukuncin. Je ki sake rubuta layin."

Wannan karon waya na yi wa Inna, na gaya mata abin da ake so, na ce ta faɗa mini yadda za ta faɗa wa Baba. Abin da ta faɗa na rubuta ba tare da na taɓa ko harafi ba: A ci tuwon dare a kwanta. Ba sahur, ba shayi, ba kunu, ba goro. Ruwa kawai, a sha yadda ake so. In an ɗebi jini a karya. Aka sa ranar Laraba.

Na tsaya a gaban bencin na ba su haƙuri da bakina. Wani tsoho ya ce ba komai, azumin dai sun riga sun yi niyya, yana nan a rubuce. Kawu ya ce shi bai yafe ba sai an ninka biskit, ya kuma buɗe nasa a gaban kowa ya cinye yana kallona. Mahaifina bai yi dariya sosai ba. Da ya zo wucewa ya tsaya kusa da ni.

"Uwata, kuskuren kalma ne kawai ya dawo da ku?"

"Shi ne ya ɓata na farkon, Baba."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya wuce. Bai sake tambaya ba, na kuma san ya ji abin da ban faɗa ba.

A ɗakin gwaji aka ce in jira a baranda. Ta bango ina jin na'urar ta tashi, ta yi ƙara, ta lafa. Minti goma ne, na sha kunna ta, amma ban taɓa sanin tsawonsu ba sai ranar. Washegari Farfesa ta kira ni. Na dubi fuskarta ban karanta komai ba.

"Sakamakon nasa ne, ba naki ba. Ki kawo shi asibiti gobe da safe, na yi magana da likitan da zai gan shi."

"Ranki ya daɗe, ko kalma ɗaya."

"Na ce gobe, ban ce yanzu ba. Ki riƙe wannan a ranki."

Muka hau motar farko daga Kura. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya yi ta yi wa direba magana a kan gudu. A asibiti aka kira shi, na miƙe zan bi shi, ya ɗaga mini hannu. Na koma kan benci. A gabana akwai wani mutum a keken marasa lafiya, matarsa tana goge masa gefen baki da ƙyalle. Na matsa zuwa ɗaya ƙarshen bencin, na kuma ji kunyar matsawar.

Ya fi rabin sa'a a ciki. Ya fito da takardu biyu, ya zauna kusa da ni, ya ɗora su a guiwa.

"Ya ce jinin bai yi fari irin na farko ba, amma kitsen ya fi ƙima. Ya ce ina da hawan jini. Kumburin nan naku ma akwai shi." Ya lissafa su kamar yana faɗin abin da gona ke buƙata. "Ya ce da magani ana zama da shi shekaru. Za su duba jijiyar wuyana da wata na'ura mako mai zuwa."

"Wuya kuma? Me ya sa, Baba?"

Ya juya takardar, ya sake juyawa.

"Ya tambaye ni ko hannuna ya taɓa mutuwa. Na ce sau biyu. Wancan watan, a gona. Fartanya ta faɗi, na kasa ɗauka, na zauna kamar tsawon alwala, ya dawo."

"Wane hannu?"

Ya ɗaga na hagu kaɗan, ya mayar.

Sau biyu, shi kaɗai a cikin ruwa, a watan da nake Kano ina auna kalmomi.

"Kada ki gaya wa Innarku," ya ce.

"Ba zan iya yi maka wannan alkawarin ba, Baba. Ita ke dafa maka abinci. Kuma idan ya sake faruwa, ita ce a kusa, dole ta san cewa ba jira ake yi ya wuce ba, mota ake nema."

Ban taɓa ƙin maganarsa ba kafin ranar. Ya dube ni da mamaki, ya daɗe, sannan ya sauke ido.

"To bari ni in gaya mata da kaina. Ke za ki tsorata ta."

Muka je ɗakin magani aka ba mu iri uku. Na karanta masa kowanne, na sa ya maimaita mini da bakinsa: wanne ne na safe, wanne ne na dare, wanne ne ba a sha sai an ci abinci. Ya ce zai fara idan mun isa gida. Na ce likita ya rubuta yau, kuma yau ta riga ta yi nisa. Na sayo masa ƙosai da ruwan leda a bakin ƙofa. Ya ci guda biyu a tsaye, ya ɓare ƙwayar farko da hannun dama, ya yi bisimilla ya haɗiye, ina kallon maƙogwaronsa har ta wuce.